Salatif ɗin da Ban Ɓare Ba

Salama gare ku 'yan zauren nan, masu sharhi da masu laɓewa suna karantawa. Balarabe ne na unguwar Ƙiblatain a Madina, wanda marasa kunyar cikinku suka laƙaba wa Tsoho Mai Jita. Na ga saƙonninku duka. Wata ta ce in ji tsoron Allah in bar 'yata ta yi aure. Wani ya ce labarin soyayya ba na masu furfura ba ne. Kai da ka rubuta haka, lokacin da nake soyayya ubanka bai iya ɗaura wando ba.

Waɗanda suka shigo yau, ku san da wa kuke magana. Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan da kuke karantawa, a jikin buhunan siminti da lambobin motoci na koye su. A bayan uwata na ƙetare teku daga Sawakin, cikin wani jirgi da bai fi akushi ba. Na yi ƙyanda, na yi kwalara, mota ta kife da ni sau biyu a hanyar Yanbu. Ga ni nan, shekara saba'in da uku, haƙoran bakina duk nawa ne.

Maganar ita ce ta autata Suhaila. Shekararta talatin, tana aiki a kantin magani, kuma tun rasuwar uwarta Zinariya shekara shida ke nan, ni da ita ne a gidan. Wani mai shagon gyaran waya a unguwar Sultana, Saif, ya yi wata takwas yana nemanta. Kawunnansa sun gaji, sun aiko cewa ranar Alhamis za su zo a ba su e ko a'a. Ni ban taɓa cewa a'a ba. E ɗin ne ya ƙi fita, kuma ga dalili. Ranar farko da ya zo gaishe ni, ya zauna a kan dardumata, ya sha shayina mai na'ana, ya hangi akwatin kaset-kaset ɗina a ƙarƙashin taga, ya yi murmushi, ya kira ni Ammi, wato baffa da Larabci, ya ce, "Ammi, ai duk waɗannan suna cikin waya yanzu."

Cikin waya! Ubanka ne a cikin waya?

Bari in gaya muku abin da ke akwatin nan. Shekarar 1400 ta Hijira ina direba a Yanbu, lokacin ana kafa matatun mai, gari duk ƙura da ƙarafa. Wani injiniya Bature nake tuƙawa, muna ce masa Jan Gemu. Mutumin nan ba ya shiga mota sai da kaset. Da farko kaina ciwo yake, daga baya ni ke miƙa hannu in ƙara murya. Kai, an yi kiɗa a duniya! Ƙato zai kama jita ya shaƙe mata wuya har ta yi kuka kamar raƙumin da aka raba da garke, mai ganga yana jibgarta kamar ta zagi gyatumarsa, sannan wani ya buɗe maƙogwaro ka ji lallai wata ta ƙona masa zuciya. Mutane ne suke gumi a kan kayan kiɗa. Ba irin na yanzu ba, da na'ura ke tari yara suna gyaɗa kai. Ban san kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba, kuma ban taɓa buƙata ba.

Da Jan Gemu zai koma ƙasarsu ya bar min kaset sittin da biyu da rikoda mai batir. Tun da ban iya karanta sunayen ba, ni na raɗa musu nawa, na ɗiga wa kowanne fenti. Akwai 'Yan Mata Uku, akwai Tayar Baya saboda ita ke tashi ranar da taya ta fashe mana, akwai Mai Mura. Uwarsu duka ita ce Ruwan Badar, mai koren ɗigo, don ita muke ji ranar da ruwan sama ya tsare mu a Badar, duwatsu suka yi baƙi wuluk, ƙamshin ƙasa ya cika mota.

Kafin malaman cikinku su fara wa'azi: ban taɓa kunna kiɗa a cikin haddin Harami ba. Ko sau ɗaya. Birnin Manzon Allah ne, na san ladabi tun ba a haife ku ba. Duk Laraba bayan la'asar nake ɗaukar rikoda, in hau hanyar Yanbu, sai na wuce alamar iyaka sannan in faka gefen titi in danna. In na gama in yi istigfari in dawo gida.

To Ruwan Badar ba waƙa ce kawai ba, kuma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai makon nan.

A zamaninmu wanda bai iya wasiƙa ba kaset yake aikawa. Kowane kaset yana da ramuka biyu a ƙeya. In suna buɗe, rikoda ba ta ɗaukar magana a kansa. In ka toshe da salatif, sai ta ɗauka. Ina son Zinariya, ina Yanbu tana Madina, sai na zaɓi kaset ɗin da na fi so don ta san da gaske nake. Ban san wane rami ne na wane gefe ba, na toshe duka biyun. Na juya bayansa na zuba mata zance na minti ashirin: ƙarfina, iya tuƙina, yadda Turawa ke rantsuwa da ni. Na ba wa yayanta Usmanu ya kai.

Bayan kwana goma sha biyu kaset ya dawo. Na saurari bayansa, surutuna ne kawai, ba amsa. Raina ya ɓaci, na juya gaba don in huce da waƙata. Jita ta shiga, ganga ta shiga, mutumin ya ja numfashi zai hau sama, sai ƙat! Waƙa ta yanke. Fanka kawai ke juyawa. Can nesa ana wanke kwanuka. Numfashin mutum. Kusan minti guda haka. Sai wata 'yar dariya, sai muryarta:

"Balarabe, ka cika surutu. Ka zo ka ga Baba."

Ƙat, waƙa ta dawo daga can gaba.

A tsakiyar waƙar da na fi so ta danna, 'yar banza, kuma har ta rasu ba ta gaya min ko da gangan ta yi ba. Salatif ɗin ya ɗan ɗago a hanya, ta danne shi da babban yatsa, jan lallenta ya zauna a jiki. Shi ya sa ban ɓare ba. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa jin tsakiyar Ruwan Badar ba, kuma ban nema ba. Akwai muryar Zinariya a wayoyin yara, amma muryar tsufa ce da ciwo. Wannan kuwa 'yar shekara ashirin ce, da dariya a bakinta.

Makon jiya aka yi min aikin ido, aka cire yanar da ta rufe na hagu. Na yi kwana biyar a gidan babban ɗana Abdulmajid, matarsa tana ɗura min miya ba gishiri. Ranar da na dawo na tarar an share majalisi, an turara shi, an jera dabino da gahawa. Suhaila ta sha abaya mai ruwan toka da ɗinkin zare a hannu, sai murmushi take. Ga Saif a durƙushe, cikin farin tob, doguwar rigar Larabawa, agogo kamar faranti, akwatina a gabansa yana ƙyalli.

"Wa ya taɓa min kaya?"

"Abuya, ka zauna tukuna," in ji Suhaila. Abuya ɗin nan Baba ke nan. Rabin maganarta Larabci ne kamar kullum, ni nake juya muku. "Kyauta ce. Saif ya yi kwana huɗu a kai."

"Ammi, na goge kowanne," in ji shi. "Na canja musu auduga, na ɗinke waɗanda suka tsinke. Rikodar ma na sa mata sabon bel."

"Bel ɗin da na yanka daga tiyub da hannuna?"

"Ya saki ne, Ammi."

"Kai ne ka saki."

Ya miƙo min wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino. Wai ya sa waya ta saurari kowace waƙa ta gano sunanta, ya sauko da masu tsabta daga intanet ya zuba a ciki. Na karɓa na jefa a aljihu ba godiya. Amma zan faɗi gaskiya tun da ni ba matsoraci ba ne: na buɗe akwatin na ga aikin ya yi kyau. Ɗigon fentina duk suna nan. A raina na ce, ƙila ranar Alhamis in bar e ɗin ya fita.

Likita ya hana ni tuƙi mako biyu. Likitan da na girmi ubansa. Washegari Asabar, ban jira Laraba ba, na sa baƙin tabarau na hau hanya. Na wuce iyaka, na faka, na sa Ruwan Badar. Sautin ya fito garau, har na ce kai, yaron ya iya. Jita ta shiga. Ganga ta shiga. Mutumin ya ja numfashi. Na rufe ido ina jiran fanka.

Sai ya hau sama.

Ya ci gaba da waƙarsa, jama'a. Wasu mata suka amsa masa, jita ta yi wani dogon kuka da ban taɓa ji ba. Na mayar baya. Na sake. Na cire kaset na duba, koren ɗigo ne, ga salatif, ga jan lalle. Na sake sawa. Ƙaton nan yana ta ihu a daidai wurin da matata take numfashi. Na juya bayan kaset ɗin: ga ni nan, ɗan shekara ashirin da tara, ina ba da labarin iya tuƙina, ko harafi bai ɓace ba.

Ban san yadda na iso Sultana ba. Shagon cike da mutane, warin dalma, wayoyi a farke a kan gilashi. Saif na zaune da madubin ƙara girma a goshi. Na buga kaset ɗin a gabansa.

"Me ka yi wa wannan?"

Ya miƙe da fara'a, wawan. "Ka lura, Ammi? Shi ya fi ba ni wahala. Wani ya danna ɗauka a tsakiyar waƙar bisa kuskure, ba komai sai shuu. Na sake ɗora gefen gaba ɗaya daga mai tsabta."

"Ka saurari shuu ɗin?"

"Na saurara."

"Har ƙarshe?"

"Kamar daƙiƙa goma. Fanka ce kawai, sai na tura gaba."

"Daƙiƙa goma! Na jira kwana goma sha biyu, kai ka kasa jiran minti ɗaya! Ka kwafa a wayar taka kafin ka goge? Wayar da komai ke ciki?"

"A'a, Ammi. Me ke..."

"Uwar yarinyar da kake nema ce a ciki, ɗan gaggawa, mai hannun ɓarna! Ranar da ta ce tana so na!"

Fuskarsa ta koma kamar toka. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Larabci, na ƙara da 'yan kalmomin da na tsinta a bakin Jan Gemu. Ya tsaya yana sha. Da na tsaya jan numfashi sai ya ce a hankali, kansa a ƙasa:

"Ammi, na yi laifi, ba ni da bakin magana. Na ji muryarka a baya, ban taɓa ta ba. Amma ramukan a toshe na same su. Kaset ɗin da ake tsoron a goge, buɗe masa rami ake yi."

Ka ji ɗan iska. Ni zai koya wa kaset? Na ɗauki abina na ce ya gaya wa kawunnansa kada su ɓata man motarsu.

Kafin in isa gida saƙon Abdulmajid ya shigo: "Baba, an turo min bidiyonka kana ihu a Sultana. Haba don Allah. Mutanen kirki ne, kada ka kunyata mu saboda kaset." Wani ya biyo: "Suhaila ba yarinya ba ce." Wani kuma: "Kuma wa ya ce ka yi tuƙi?" Na kashe wayar.

Kwana uku Suhaila ba ta ce min uffan ba. Ta ajiye ful, wato dafaffen wake, da burodi da safe, ta ɗiga min maganin ido, ta fita aiki. Na ɗauka fushin saurayi take, na ce ta daɗe ba ta yi ba. Ranar Talata da azahar tana ɗiga min magani, kaina a jingine, ba halin gudu, sai ta ce:

"Saif ya rubuto min. Ya ce ya janye, ba zai iya haɗa ido da kai ba."

"Ya yi hankali."

"Na ce masa bai isa ba." Ta danne min fatar ido da ƙarfi. "Abuya, shekara talatin ina gidan nan. Kullum ina share ƙura a kan akwatin nan. Ba ka taɓa cewa Ummi na ciki ba."

"Nawa ne. Ni aka yi wa."

"Ni ma uwata ce. Saif ya goge ta sau ɗaya bai sani ba. Kai ka ɓoye min ita duk Laraba, kana sane. Da na sani, zan ba shi akwatin?"

Ta rufe kwalba ta fita. Na zauna magani yana gangaro min a kunci. Magani ne, kada wani ya rubuto min wata magana.

Ni mutum ne da ya fito daga ƙarƙashin tanka da ƙafarsa. Ban saba a kayar da ni a cikin ɗakina ba. Na juya kaset ɗin nan a hannu har la'asar, ina kallon salatif. Sau dubu nawa na riƙe shi, da farce ɗaya zan ɓare, na ƙi saboda ɗigon lalle. Ban ce yaron yana da gaskiya ba. Na ce dai salatif ɗin ni na liƙa.

Jiya Laraba na ce mata, "Ɗauko makulli, ke za ki tuƙa." Ba ta tambaya ba. Muka wuce iyaka, na nuna mata inda nake fakawa, gindin wata ƙaya da ta san ni. Manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Na ɗora rikoda a tsakaninmu na danna. Karo na farko ke nan wani ya ji Ruwan Badar tare da ni tun bayan Jan Gemu.

"Wannan hayaniyar kake zuwa ji?" in ji ta.

"Rufe min baki, ba ki san kiɗa ba."

Mutumin ya ja numfashi, na tsayar. "Nan ne."

Ta daɗe tana kallon rikodar. "Me ta ce?"

Na gaya mata fankar, da kwanukan, da dariyar. Na ƙanƙance murya na faɗi maganar yadda take. Suhaila ta tuntsire da dariya har ta kifa kai a sitiyari, kafaɗunta suka ci gaba da rawa bayan dariyar ta ƙare. Na bar ta.

Da ta ɗago na ce, "Ba na son tsakiyar waƙar nan. Ban san shi ba, ba na kuma son in saba da shi. Wurin mace ne. Kina son mai hannun ɓarnan nan ko ba kya so, ba ni za ki gaya wa ba." Na danna jan maɓallin ɗauka da baƙin tare, na tura mata.

Ta zaro ido. Kaset yana juyawa. Iska tana kaɗa ƙaya, tirela ta wuce, wata ta wuce. Uwarta minti ɗaya ta yi, ita ta kusa biyu, ina ƙirgawa a raina. Sannan ta sunkuya, kuma da Hausa, Hausar da sai na yi faɗa take yi min:

"Saif, ka yi wauta. Abuya ma ya yi. Ka zo gobe, kuma ka cire agogon nan."

Na tsayar. Na fitar da kaset, na sa farce na ɓare salatif ɗin duka biyu. Mai jan lallen na liƙa shi a bayan katin shaidata, inda ba mai gyaran da zai kai hannu.

A kan hanyar dawowa na sa ta tsaya a Sultana, ta jira a mota. Saif na ganina ya miƙe har madubin goshinsa ya faɗi.

"Ammi..."

"Ban yafe ba, kada ka fara. Ƙila sai na mutu, kuma ba yanzu zan mutu ba." Na ajiye rikoda da kaset a kan gilashinsa. "Amsarka na ciki. Ka fita bayan iyaka ka ji, kada ka kunna min kiɗa a Harami. Gobe in kun zo, a gaban kawunnanka za ka maimaita min abin da ka ji, kalma da kalma. Ka rage ɗaya, ku sha gahawa ku tafi."

"A wane gefe ne, Ammi? Wajen ina?"

Na juya na fita abina.

Yanzu da nake rubuta muku hantsin Alhamis ne. Suhaila tana turara majalisi, ta ƙi amsa wa Saif ko da saƙo ɗaya, ni na ga wayar tana ta haske a kan tebur. Na sa tob ɗina mai ruwan madara da hular da na ɗaura aure da ita. Ramukan kaset a buɗe suke, ba abin da zai iya gogewa. Waƙa za ta yanke masa, ya ji iska da tireloli, ba komai sai shuu, kusan minti biyu. Wancan karon daƙiƙa goma ya iya.